Yadda ake tantance tsofaffin kayan gado da adana su, daga anini har gafakar malam

Da wuya ka shiga tsohon gida a cikin garin Sakkwato, ko shiyar Kanwuri ko Gidaɗawa ko ma ƙauyukan Wurno da Gwadabawa, ka rasa wata adaka ko tsohon akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado tun rasuwar mai gidan, babu wanda ke buɗewa sai ranar da za a yi gyaran ɗaki ko rabon gado. Ranar da aka buɗe ɗin kuma ita ce ranar da aka fi yin ɓarna, don a ranar ne ake kiran 'yan gwangwan su auna tasa da likkafa a kan sikeli kamar ruɓaɓɓen ƙarfe, a ranar ne wani yaro mai ƙwazo zai ɗauki sanfefa ya goge takobin kakansa wai don ya yi ƙyalli, takardu kuma a ce ai akwai sunan Allah a ciki a je a ƙone ko a binne. Wallahi abin da hannunmu ke lalatawa cikin yini ɗaya da niyyar gyara ya fi abin da gara ke ci a shekaru, shi ya sa nake son in bi da ku mataki mataki yadda ya kamata a yi.

Matakin farko shi ne kada ka wanke komai, kada ka goge komai. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi musamman in ka ga tasa ta yi baƙi ko kwabo ya yi duhu, uwayenmu mata kuma sun saba da tsamiya da toka da lemun tsami wajen wanke tagulla, to a nan kam a yi haƙuri. Wanga duhun da ke jikin ƙarfe shi ne shaidar shekarunsa, masu sanin kayan tarihi shi suke fara dubawa, in ka kankare shi ka mayar da abin kamar wanda aka ƙera jiya kuma ba ya dawowa. Ka shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, ka sa farin ƙyalle a kai, ka wanke hannunka ka bari ya bushe sosai, sannan ka riƙa fito da kayan ɗaya bayan ɗaya yadda ka same su. Abin da ka tarar a ƙunshe tare ka bar shi tare, don sau da yawa wasiƙar da ke cikin gafaka ita ke faɗin mai littafin. Kafin ka taɓa ma ka ɗauki hoton cikin adakar da wayarka.

Mataki na biyu ya fi kowane gaggawa, kuma shi mutane suka fi tsallakewa, wato tambayar tsofaffi tun suna raye. Ka ɗauki abin ka kai wa goggo ko inna ko baffan da ya rage a gidan, ka durƙusa ka gaishe su yadda aka saba, kada ka zo da tambayoyi kamar ɗan jarida, ka dai miƙa abin ka ce "Goggo, wanga takobi na wa na?" ka yi shiru, za ka ga labari ya ɓalle da kansa. Ka kunna rikoda a waya amma ka nemi izini tukuna. Abin da kake nema shi ne wa ya mallaka, daga ina ya samo, saye ya yi ko kyauta ko gado, kuma zamanin wane sarki. Tsofaffi ba su lissafi da shekarun boko amma suna lissafi da sarakuna da manyan abubuwa, in aka ce maka "tun kafin zuwan Nasara" ka san kafin 1903 ke nan, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato a filin Giginya har Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas ya yi shahada a Burmi. In aka ce farkon sarautar Sarkin Musulmi Abubakar na uku, to ya hau a 1938 ya rasu a 1988. In aka ce shekarar da aka kashe Sardauna, 1966 ce. Ka sayi littafin rubutu guda, kowane abu ka ba shi lamba, ka rubuta labarinsa da sunan wanda ya ba ka labarin, kuma ka bambanta abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji ana faɗi. Lambar a ɗan katin takarda za ka rubuta ka ɗaura da zare, kada ka sa biro ko maka a jikin kayan.

Daga nan sai rarrabewa, kuɗi gefe ɗaya, takardu gefe ɗaya, ƙarafa, fata, tufafi. Bari in fara da kuɗi tunda su ne kusan kowane gida ke da su kuma su ne aka fi yaudarar mutane a kansu.

Wuri shi ne kuɗinmu kafin sulalla, daga tsibiran tekun Indiya ake kawo shi, ana ƙirga shi da zambar wato dubu, keso guda kuma wuri 20,000 ne. Turawa sun hana shigo da shi a 1904 amma ya ɗauki lokaci kafin ya bar kasuwannin ƙauye. Wuri ba ya da tsada a yau don yana da yawa, sai dai in ka same shi cikin tukunya ko jaka yadda aka ajiye shi to ka bar shi a haka, kada ka rarraba wa yara. Kuɗin ƙarfe masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida sun fara fitowa a 1907, anini da kwabo, daga baya aka ƙara ɗari wato rabin kwabo, anini goma ke yin kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya. Ka duba da kyau za ka ga har da rubutun larabci a jiki da ke faɗin darajar kuɗin. Aninin 1907 da wani sashe na 1908 da alminiyam aka yi shi, shi ya sa ba ya da nauyi ko kaɗan a hannu, kuma yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, da aka ga yana saurin cinyewa sai aka canja ƙarfen. In ka samu wanga mai kyau bai cinye ba ka ware shi daban. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro wato kwabo uku da sisi wato kwabo shida da sule da fataka wato sule biyu, duk na azurfa, sule da fataka suna da hoton bishiyar kwakwar manja a baya, wajen 1920 aka daina yin su da azurfa aka koma wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa, saboda haka shekarar da ke jiki ita za ta fara gaya maka ko akwai azurfa. Akwai kuma na 1936 masu sunan EDWARDVS VIII, sarkin Ingila da ya sauka daga mulki a cikin shekarar da ya hau, labarinsu na da daɗi amma an buga su da yawa, kada wani ya ce maka miliyoyi ne. Wani lokaci za ka ga ɗan ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antar da ta buga ne a Birmingham. Na 1959 su ne na farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar, taro mai auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa, sai naira da kwabo suka shigo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu.

Sai babbar dalar azurfa mai hoton mace, Mariya Tereza sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada kuma maƙeran fari suka riƙa narkarwa suna yin awarwaro da zobe. Za ka ga an rubuta 1780 a jiki, kada ka yi saurin murna, duk wadda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar ake sa mata, an ci gaba da bugawa da lambar nan har zamaninmu. Abin da za ka iya tabbatarwa shi ne ko ta gaske ce, nauyinta giram 28 ne da ɗan kai, ka kai wa masu sayar da zinari su ɗora maka a sikelinsu, sannan ka kara mata maganaɗisu, azurfa ba ta kama shi. In ta kama to jabu ce, in ba ta kama ba kuma sai nauyin ya yi daidai tukuna. Kuɗin ƙarfe a ajiye kowane cikin 'yar ambulan ta takarda, a riƙe shi ta gefe, kuɗin takarda kuma a shimfiɗe tsakanin farar takarda biyu, ba guga ba selotef.

Dan Allah a nan ku yi hattara da masu zuwa suna cewa ana neman anini mai jawo shinkafa kamar maganaɗisu, ko tsohon dutsen guga mai zakara, ko keken ɗinki wai akwai wani sinadari jan makuri a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi. Babu wani abu haka, damfara ce, yadda suke yi shi ne wani ya zo ya yi maka tayin kuɗi mai yawa sai ya ce sai an biya kuɗin gwaji ko na sinadari, ko kuma abokinsa ya sayar maka da abin da tsada kana sa ran mai saye zai dawo, shi ke nan ba ka sake ganinsu.

Yanzu takardu, a nan ne zan daɗe don nan ne arzikin Sakkwato yake. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, Muhammadu Bello a 1837 a Wurno, Nana Asma'u a 1864, su da Malam Abdullahi na Gwandu sun bar rubuce-rubuce da larabci da fillanci da hausar ajami, ɗalibai kuma suka yi ta kwafa da hannu tsara bayan tsara, shi ya sa samun littafin Shehu a adakar kakanka ba ya nufin Shehu ne ya rubuta da hannunsa, akasari kwafi ne na baya, amma kwafin ma yana da daraja sosai, wani lokaci bayanin da malami ya rubuta a gefen shafi babu shi a ko'ina sai nan. Littattafanmu ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a sake ana haɗa su cikin tadarishi wato bangon littafi a ɗaure da igiyar fata a sa a gafaka, saboda haka babban haɗari shi ne su hargitse. Kada ka buɗe inda iska ke kaɗawa ko fanka na aiki. Ka riƙa ɗaga warƙa ɗaya ɗaya da hannu biyu kana kifawa gefe a jere. In ka tarar sun riga sun hargitse ka duba ƙasan bayan kowace warƙa, za ka ga kalma guda a rubuce ita kaɗai a lungu, ita ce kalmar da warƙa ta gaba ke farawa da ita, da ita marubuta ke tsare jeri, amma wanga aikin ka nemi malamin da ya iya karatun ya taya ka. Ka je shafin ƙarshe inda aka rubuta tammat wato an kammala, can ne marubuci kan sa sunansa da na wanda aka rubuta wa, wani lokaci har da rana da wata da shekarar hijira.

Sai ka ɗaga warƙa guda ka kara ta da haske, ba rana kai tsaye ba, hasken taga ko tocilan daga baya. Za ka iya ganin layuka a cikin takardar da kuma tambari, wanda ya fi yawa a ƙasarmu shi ne jinjirin wata guda uku a jere, takarda ce da ake yi a arewacin Italiya musamman don kasuwar musulmi, tana biyowa ta Masar da Tarabulus ta ratso hamada, gidan Galvani na cikin waɗanda suka yi fice wajen yin ta a ƙarni na 19. Ganin wanga tambari alama ce mai kyau ta tsufa amma ba hujja ce ita kaɗai ba don an ci gaba da shigo da irinta har bayan zuwan Turawa. In kuwa takardar mai layi ce irin ta littafin makaranta to zamanin boko ne. Tawada ma ka duba, ta bagaruwa da ƙaro kan koma ruwan ƙasa da tsufa, wani wuri har ta ci takardar, irin wannan warƙa kada ka lanƙwasa ta ko kaɗan.

Abubuwan da ba a yi wa takarda: ba a liƙa mata selotef, ba a sa mata gam, ba a kai ta shago a yi mata laminatin, wanga na ƙarshe shi ne mafi muni don zafi da roba suna shiga jikinta kuma ba a iya cirewa. Ba a sa ta a leda a ƙulle don in damina ta zo danshi na taruwa ciki ta yi fumfuna, ba a naɗe ta da jarida. Ka samu farin ƙyallen auduga a wanke shi ba sitati ba bula, ka naɗe littafin da tadarishinsa, ka kwantar da shi. Kowane shafi ka ɗauki hotonsa a inuwa ba filasha, gaba da baya, a jere, ka tura hotunan wuri biyu ko uku don waya na ɓacewa. Ba littattafan addini kawai ba fa, wasiƙa mai hatimin sarki ko waziri, rasit na haraji da jangali na zamanin En'e, takardar filin gona, fasfon aikin hajji na waɗanda suka bi ta Sudan, tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, hotunan baƙi da fari, duk a tattara. Bayan hoto ka rubuta sunayen mutanen da fensir a hankali.

Takobi da kayan doki. Ka zare takobin a hankali, in ya ƙi fita daga kube kada ka tilasta. Ka duba ruwansa kusa da ƙota, da yawa za ka ga jinjirin wata biyu masu fuska ko wani abu kamar kyarkeci na gudu, waɗannan alamu ne na maƙeran Turai, garin Solingen na Jamus ya sayar da ruwan takubba da yawa zuwa ƙasashenmu, amma maƙeranmu ma sun riƙa kwaikwayon alamun a nasu, saboda haka alama kaɗai ba ta yanke hukunci. Ka kai wa tsohon maƙeri a Maƙera Assada ya duba maka, da ya riƙe ya ɗan lanƙwasa ya ji ƙararsa zai gaya maka ko tsohon ƙarfe ne ko na sifirin mota da ake yi wa 'yan hawan sallah, sai dai ka ce masa dubawa kawai, ban da wasawa. In akwai jan tsatsa mai ɓarɓashi ka ɗiga man keken ɗinki a ƙyalle mai laushi ka shafa a ƙarfen kaɗai, ka goge rarar, kada man ya taɓa fatar kube. Sulke da kwalkwali da likkafa da linzami haka. Tagulla in ta yi kore mai santsi a bar ta, in kuwa koren gari ne mai zuba yana ƙaruwa to ciwo ne, a ware ta daga sauran a ajiye a busasshen wuri a nemi masu gidan tarihi.

Fata ita ce abin alfaharinmu, fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa kaiwa arewacin Afirka har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Gafaka da tandu da zabira da matashin fata, hunturu ke busar da su har su tsage. Kada ka sa man gyaɗa ko man shanu, suna jawo ɓera da ƙwari kuma suna yin ɗoyi, kada ka sa kiwi. Ka share ƙura da burushi mai laushi, ka cusa farin ƙyalle ciki don kada ta lotse, in ɗinki ya warware ka kai wa dattijan dukawa a shiyar Madunka ka roƙe su su yi ɗinkin hannu ba tare da canja fatar ba. Rigunan saƙi da tsamiya da barage kuma ka juya cikinsu, in ka ga ƙananan ƙwarya an haɗa su da ɗinkin hannu, aikin aska kuma zaren bai yi daidai-wa-daida kamar na inji ba, to ka riƙe da kyau. Ba a wanke su, ba a rataye su a ƙusa don nauyi na yaga kafaɗa, a ninke da ƙyalle a tsakani a riƙa canja wurin ninkin.

Wurin ajiya ya zama ɗakin da ba ya yoyo kuma ba ya ɗaukar zafin kwano sosai, akwatin a ɗora kan benci ko bulo, a janye shi daga bango saboda gara. Kada a fesa fiya-fiya a kan kayan, in za a sa kafur ko busasshen ganyen dogon yaro a ƙulle a ƙyalle a sa a lungun akwati inda ba ya taɓa komai. A buɗe a duba kafin faɗuwar damina da kuma bayan ɗaukewarta.

Abu na gaba maganar haƙƙi ce. Kayan nan in na mamaci ne to na magada ne duka har da mata, ba na wanda ya fara buɗe adaka ba, a zauna a yi shawara, ko a yi musu ƙima a sa cikin rabo, ko kowa ya yafe a bar su wuri ɗaya a hannun amintacce a rubuta a sa shaidu. Ni dai ra'ayina littattafai kada a raba su warƙa warƙa ko a watsa su gida gida, gara a bar su a haɗe ko a yi waƙafi da su. In kuna son masana su duba, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan cikin gari, akwai gidan tarihi na tarayya, akwai malaman tarihi da na larabci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Kaduna kuma akwai cibiyar binciken tarihi ta Arewa House. Ka fara kai hotuna, in za ka bar musu ainihin abin ko da aro ne a yi rubutu a sa hannu kowa ya riƙe kwafi.

Game da sayarwa, doka ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki kayan fasahar gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fita da su waje sai da izinin hukumar, cinikinsu ma sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi. Wanga ya shafi har da mutum-mutumin yumɓu da manoma kan tono a gona, waɗanda na yankin Sakkwato da Katsina da Nok suna cikin jerin kayan da aka gargaɗi duniya kada a saya, in ka ci karo da irinsu kada ka fasa kada ka sayar, ka bar su inda suke ka sanar da mai gari da gidan tarihi, haka kuma ba a zuwa kufai irin Surame ko Alƙalawa da diga ana tono. Tsofaffin sulalla da kuɗin takarda da kwanonin jere in magada sun amince a sayar, to ka ɗauki hoton kowane gaba da baya, ka nemi farashi wurin mutum uku aƙalla, ka duba a intanet nawa aka sayar da irinsa ba nawa ake tallarsa ba, kuma ka sayar ɗaya ɗaya, kada ka yarda da mai cewa zai kwashe duka a dunƙule.